Aikin sa kai a makarantu da gandun dajin Kenya: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Tallan shirye-shiryen da ke kai mutum ƙasar waje ya koyar da yara da safe, da yamma kuma ya bi sawun giwa, ya cika Facebook da Instagram, kuma matasanmu da dama sun fara sha'awar abin. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu wannan niyya suke yawan maimaitawa. An gina amsoshin a kan Kenya, musamman yankin Laikipia da ke gindin Dutsen Kenya, domin can ne aikin makaranta da na namun daji suka fi haɗuwa a wuri ɗaya.

Mene ne wannan aikin sa kai, kuma me ya raba shi da yawon buɗe ido?

Shi ne mutum ya je wata ƙasa ya ba da lokacinsa da ƙarfinsa ba don albashi ba, a ƙarƙashin wata ƙungiya ko makaranta ko gandun daji da suka riga suka kafu a can. Iri biyu ne. Akwai na ƙwararru, inda ake neman malami ko likitan dabbobi ko masanin kwamfuta ya cike wani gurbi na shekara ɗaya ko biyu, ana ba shi alawus. Akwai kuma na gajeren zango, wanda kamfanoni ke sayarwa, daga mako biyu zuwa wata uku, kai ne za ka biya.

Wannan na biyun shi ne ake tallatawa, kuma gaskiyar magana rabinsa yawon buɗe ido ne. Hakan ba laifi ba ne, in dai mutum ya san abin da ya saya. Matsalar tana tasowa ne idan ya je da tunanin cewa shi ne zai ceto makarantar ko gandun, alhali akwai malamai da masu gadin daji da suka shekara goma sha suna wannan aiki kafin zuwansa, kuma su ne za su ci gaba bayan ya tafi.

Me ya haɗa makaranta da namun daji har ake gwama su a shiri ɗaya?

Amsar tana cikin yadda ƙasar take. Kenya ta haramta farautar namun daji tun 1977, kuma mafi yawan dabbobinta ba sa zaune a gandun gwamnati irin su Tsavo ko Amboseli. Suna yawo ne a filayen makiyaya da manyan gonakin kiwo. Wato giwar da bature ya biya kuɗi ya zo kallo, ita ce da dare take shiga gonar masarar wani talaka ta cinye noman shekara, zakin da ake ɗaukar hotonsa kuma shi ne ke kashe saniyar makiyayi ɗan ƙabilar Masai. Wanda ake yi wa wannan ɓarna ba zai ƙaunaci dabbar ba sai ya ga wani amfani nata a gidansa.

Shi ya sa gandayen da ba na gwamnati ba, irin su Lewa da Ol Pejeta, suke ware wani kaso na kuɗin masu yawon buɗe ido da na masu ba da gudummawa su gina azuzuwa, su haƙa rijiyoyi, su buɗe asibitin sha-ka-tafi, su ɗauki nauyin karatun yaran ƙauyukan da ke kewaye. Uban da aka biya wa ɗiyarsa kuɗin sakandare shi ne zai buga waya idan ya ga baƙin fuska da bindiga a bakin shinge. Lissafin ke nan, ba tausayi kaɗai ba ne. Kuma ya yi tasiri: baƙin karkanda a Kenya sun kai kusan 20,000 a 1970, mafarautan ƙaho suka mayar da su ƙasa da 400 a tsakiyar shekarun 1980, yanzu kuwa sun farfaɗo zuwa kimanin 1,000, da yawansu a irin waɗannan gandaye.

Saboda haka idan aka tura ka makaranta a gefen gandu, aikin namun dajin ne kake yi ta wata ƙofa. Al'adar koyar da yara darajar daji ma tsohuwa ce a can, domin ƙungiyar kulob-kulob ɗin namun daji ta makarantun Kenya an kafa ta tun 1968.

To mutanen yankin suna son waɗannan gandaye kuwa?

Wasu suna so, wasu suna jin haushi, kuma duk ɓangarorin biyu suna da hujja. Yawancin filayen Laikipia na Masai ne kafin Turawan mulkin mallaka su tashe su bayan yarjejeniyoyin 1904 da 1911, a mayar da wurin manyan gonakin kiwo, waɗanda wasunsu ne suka rikiɗe suka zama gandayen yau. Idan fari ya yi tsanani, makiyayi yana tsaye da shanunsa ramammu yana hangen ciyawa a bayan shingen lantarki. A 2017 dubban shanu suka kutsa gonaki da gandayen Laikipia, aka yi asarar rayuka. Duk wanda ya san rikicin burtali da makiyaya a ƙasarmu zai gane zafin maganar.

Gandayen da suka san abin da suke yi suna yarjejeniyar kiwo da maƙwabta. Ol Pejeta ma tana kiwon shanunta a cikin dajin tare da namun dawa. Kai dai baƙo ne, kada ka shiga gardamar ƙasa a teburin mai shayi. Ka saurara, za ka koyi abin da takardar talla ba ta faɗa maka ba.

Tunda kyauta zan yi aiki, me ya sa ake cewa in biya?

Saboda zuwanka yana cin kuɗi: ɗaki, abinci, motar da za ta ɗauko ka daga Nairobi, mai, da albashin ma'aikacin da zai bar aikinsa ya riƙa lura da kai. A gandun daji abin ya fi tsada, don ba a barin baƙo ya taka ƙafa a cikin daji sai da mai gadi, ga kuɗin shiga na kowace rana. Kuɗin yakan kai ɗaruruwan daloli a mako, ban da tikitin jirgi da inshora. Ga mai samun kuɗinsa da naira ko sefa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Biyan ba shi ne alamar zamba ba. Abin tambaya shi ne ina kuɗin ke zuwa. Sau da yawa kamfanin da ke zaune a Turai ko wani wuri yana ɗaukar kaso mai tsoka a matsayin dillali, abin da ya rage ya isa Kenya. Idan ka gano sunan makarantar ko gandun, ka rubuta musu kai tsaye. Duba kuma amsar da ke magana a kan gane shirin bogi.

Akwai hanyar da ba sai na biya ba?

Akwai, sai dai tana neman takardu da haƙuri. Ɗan Najeriya yana da shirin gwamnatin tarayya na tura ƙwararru ƙasashen waje, wanda aka fi sani da TAC. An kafa shi a 1987, yana tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya na shekara biyu zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, kamar Gambiya da Uganda da Jamaika. A nan ba kai ke zaɓen ƙasa ba, inda aka nemi mai irin iliminka can za a kai ka.

Majalisar Ɗinkin Duniya tana da nata shirin masu sa kai tun 1970, mai hedikwata a Bonn ta Jamus. Rajista a shafinsu kyauta ce, kuma wanda aka ɗauka ana ba shi kuɗin zama da inshora. Tarayyar Afirka ma ta ƙaddamar da shirin matasa masu sa kai a Abuja a 2010, na shekara ɗaya a wata ƙasar Afirka da ba taka ba. Gasa tana da zafi a dukansu. Wanda ya karanta ilimin dabbobi ko gandun daji ko likitancin dabbobi yana da wata ƙofa: ya nemi gurbin koyon aiki ko na bincike ta hannun malamansa na jami'a.

Ba ni da takardar koyarwa. Za a ba ni aji?

Bai kamata a ba ka ba. A Kenya doka ta ce mai koyarwa sai ya yi rajista da hukumar malamai ta ƙasar, TSC, kuma akwai dubban malamai 'yan ƙasa da suka gama horo suna jiran a ɗauke su. Shirin da ya miƙa wa baƙon mako uku aji guda ya cuci yaran, ya kuma hana wani ɗan ƙasa abinci. Ka ɗauka ɗanka ne a ajin, kowane wata sabon mutum ya zo ya sake fara masa daga sunayen launuka da ƙirga ɗaya zuwa goma.

Inda kake da amfani shi ne a bayan malamin aji. Tun da gwamnatin Mwai Kibaki ta mayar da firamare kyauta a 2003 azuzuwa suka cika, malami ɗaya ba ya iya bin kowane yaro. Kai za ka zauna da yara biyar ko shida da karatu ya yi wa nauyi, ku bi littafi layi-layi. Za ka iya tsara ɗakin karatu, ka gyara kwamfutocin da aka ba makaranta kyauta suka zauna suna shan ƙura, ka taya malamin kulob ɗin namun daji shirya fita, ko ka horar da ƙwallo. Wani abu kuma: an haramta dukan ɗalibi a makarantun Kenya tun 2001. Ko ka ga wani malami yana yi, kai kada hannunka ya taɓa yaro, ko da wasa.

Idan kai malami ne mai takarda da gogewa, musamman a lissafi ko kimiyya, ka fi amfani idan ka zauna da malaman kuka yi musayar dabaru, domin abin da malami ya ɗauka yana nan bayan tafiyarka. Ka san kuma sun bar tsohon tsarin karatunsu sun koma sabuwar manhaja mai suna CBC, wadda aka fara shigo da ita a 2017, don haka ka nemi littattafan ka karanta kafin ka tashi.

Da wane yare zan yi magana da yaran?

Daga aji huɗu Turanci ne harshen koyarwa. Ƙasa da haka Swahili ne ko yaren yankin, wanda a Laikipia da kewaye zai iya zama Kikuyu, Meru, Maa na Masai da Samburu, ko Turkana. Yaran ƙauye sukan sha wahala da lafazin Turancin Najeriya a makon farko, sai ka rage sauri. Ɗan Nijar ko Chadi da ya yi karatu da Faransanci sai ya gyara Turancinsa tukuna. Swahili ba ya yi wa Bahaushe wuya sosai, don kalmomin Larabci sun yi yawa a cikinsa. Ka koyi gaisuwa da ƙirga da ciniki tun daga gida.

Wata nawa ya kamata in yi, kuma wane lokaci ya fi?

Idan makaranta ce, zangon karatu guda cikakke, wato kusan wata uku. Ƙasa da haka, kana fara sanin sunayen yaran lokacin tafiya ya yi. Shekarar karatu a Kenya tana farawa a Janairu, da zango uku, ana hutu a Afrilu da Agusta, sai dogon hutu daga Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba. Zango na uku na jarrabawa ne, makarantu ba sa son baƙi a lokacin. Na farko da na biyu sun fi. Duk kamfanin da ya ce ka zo koyarwa a Disamba, ka tambaye shi yaran wa za ka koyar.

Aikin daji ya fi jure gajeren zama, wata ɗaya yana iya yin amfani, tunda ƙidaya da gyaran shinge ba sa bukatar shaƙuwa. Damina biyu ake yi, babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama daga Oktoba zuwa Disamba, kuma a babbar hanyoyin cikin daji sukan caɓe mota ta kasa wucewa.

A gandun daji wane aiki zan yi takamaimai?

Mafi yawansa kallo ne da rubutu. Ana fita tun asuba da masu bin sawun karkanda, a nemo dabba, a gane ta da tsagar da aka yi mata a kunne, a rubuta lambarta da inda aka gan ta da yanayin jikinta. Kowace karkanda sai an tabbatar an gan ta a kai a kai, in ta ɓace kwanaki hankalin kowa ya tashi. Akwai kyamarorin da ake ɗaurewa a jikin itace suna ɗaukar duk abin da ya gifta, kai za ka canza musu batir, ka dawo ka zauna gaban kwamfuta kana tantance dubban hotuna, da yawansu ciyawa ce iska ta kaɗa. Akwai bin shinge a ga inda giwa ta karya, da kwance tarkon waya da mafarauta ke ɗanawa, da tumɓuke wata ƙaya mai faɗin ganye da aka shigo da ita daga nahiyar Amurka, wadda ta mamaye makiyayar Laikipia tana raunata bakin awaki.

Aikin da ya fi daɗi, a ganina, shi ne na bakin ƙauye. Ana taya makiyaya ƙarfafa garke da waya da ƙofa mai ƙarfi don zaki da kura su kasa shiga, kuma duk saniyar da ta tsira zaki ɗaya ne ya tsira daga gubar da makiyayi zai sa masa don ramuwa. Akwai shingen amya da masaniya Lucy King ta gwada a Kenya: giwa tana tsoron ƙudan zuma, sai a jera amya a kewayen gona a haɗa su da waya, tana taɓa wayar zuma ta tashi, manomi ya tsira da masararsa ya kuma sami zumar sayarwa. Akwai fitilu masu walƙiya da wani yaro Bamasaye, Richard Turere, ya ƙirƙiro a kusa da gandun Nairobi don zaki ya zaci mutum ne ke zagayawa da tocila.

Ƙidayar jakin dawa nau'in Grevy ma ana shigar da jama'ar gari cikinta. Kusan 3,000 kacal suka rage a duniya, mafi yawa a arewacin Kenya, kuma zanen jikin kowanne daban yake da na ɗan'uwansa. Tun 2016 ake shirya gangamin da mutane ke ɗaukar hoton ɓarin damansu, kwamfuta ta tantance su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ba za a ba ka ba shi ne bindiga da sintirin kama mafarauta. Wannan na jami'an da aka horar ne, masu aiki da izinin hukuma.

Zan samu in rungumi ɗan zaki ko in ba ɗan giwa madara?

Idan wurin na kirki ne, a'a. Wannan ma ita ce hanya mafi sauri ta auna shiri. A Afirka ta Kudu an daɗe ana kiwon zakuna a keji, a raba 'ya'yan da uwarsu tun suna jarirai, a ce wa masu sa kai marayu ne da za a mayar daji. Zakin da ya saba da hannun mutum ba ya komawa daji. Da yawansu ƙarshensu a hannun masu biyan kuɗi su harbe su a cikin shinge, ko a sayar da ƙasusuwansu zuwa Asiya. A 2021 gwamnatin ƙasar da kanta ta sanar da niyyar kawo ƙarshen wannan kiwo.

A Kenya akwai wuraren renon marayun giwaye na gaske, kamar na gidauniyar Sheldrick a Nairobi da Reteti a yankin Samburu, wanda al'ummar yankin suka buɗe a 2016. Masu renon ma'aikata ne 'yan ƙasa da ke tare da dabbobin dare da rana, baƙo kallo yake yi ya biya ya tafi. Haka karkanda biyun nan mata, Najin da Fatu, waɗanda su kaɗai suka rage a duniya daga farar karkanda ta arewa tun mutuwar namijin ƙarshe, Sudan, a Maris 2018. Suna Ol Pejeta, ana gadinsu da bindiga ba dare ba rana, kuma masu kula da su sanannu ne, ba baƙin wata ɗaya ba.

An ce in haɗa da aiki a gidan marayu. Ba lada ba ne?

Niyyar mai kyau ce, tsarin ne ke da illa. Ƙungiyoyin kare yara irin su Save the Children sun nuna cewa kusan huɗu cikin biyar na yaran da ke irin waɗannan gidaje a duniya suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su. Inda baƙi ke kawo kuɗi, wasu sukan buɗe gida su bi ƙauyuka suna karɓo yara da alkawarin karatu. Ƙari a kan haka, yaron da yake shaƙuwa da sabon mutum kowane wata, a tafi a bar shi, zuciyarsa tana taɓuwa. Kenya ta fitar da tsarin shekara goma a 2022 na mayar da yara hannun dangi a maimakon gidajen. Mai neman ladan maraya ya taimaki ƙungiyar da ke tallafa wa dangin da ke riƙe da shi.

Waɗanne takardu nake bukata?

Fasfo mai sauran aƙalla wata shida, katin rigakafin cutar shawara, da takardar gayyata daga ƙungiyar da za ta karɓe ka. A Janairu 2024 Kenya ta soke biza ta koma izinin shiga na intanet, daga baya kuma ta sassauta wa yawancin 'yan Afirka. Ka duba shafin hukumar shige da fice ta Kenya kafin ka sayi tikiti, don ƙa'idar takan canza.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne nan: izinin shiga na baƙo bai ba ka damar aiki ba, ko da ba a biyan ka. Mai sa kai na gajeren lokaci yana bukatar takardar izini ta musamman, na dogon zama kuma izinin aiki na ƙungiyoyin addini da na agaji, kuma mai masaukinka ne ya kamata ya nema maka. Wanda ya ce maka kawai ka gaya wa jami'in filin jirgi yawo ka zo, ya nuna maka halinsa. Duk shirin da ke hulɗa da yara kuma dole ya nemi takardar shaidar 'yan sanda cewa ba ka da laifi.

Lafiya fa? Dabbobin ba za su halaka ni ba?

Titi ya fi zaki haɗari. Daga Nairobi zuwa Nanyuki, gari a yankin Laikipia, kusan kilomita 200 ne, ka yi tafiyar da rana, ka guji hawa babur ɗin haya da dare. A daji kuwa ɓauna da giwa mai ɗa da dorina su ne abin tsoro, kuma dokar guda ce: abin da mai gadi ya ce shi za ka yi, nan take, ba musu. Ka yi allurar rigakafin haukan kare da ta tetanus idan za ka yi aiki kusa da dabbobi, ka riƙa duba jikinka saboda kaska, ka sami inshorar da ta haɗa da ɗaukar mara lafiya a jirgi. Nanyuki tana kan layin da ya raba duniya biyu, amma tsayinta ya kusa mita 2,000, don haka dare akwai sanyi mai shiga ƙashi, sauro kuma bai kai na Kano ba. Idan za ka gangara bakin teku ko yammacin ƙasar, ka tanadi maganin zazzaɓi da gidan sauro.

Yaya batun salla, azumi da abincin halal?

Musulmi sun kai kusan kashi 11 cikin ɗari na mutanen Kenya. Akwai masallatai a Nanyuki, garin Isiolo da ke kusa da Lewa kuwa Musulmi ne da yawa, Borana da Somali, kuma naman halal ba ya wuya a garuruwa. A sansanin cikin daji ne za ka yi bayani tun kafin ka je, ka kuma nemi a sa ranar hutunka ta faɗo Juma'a, don fita daga gandu sai da mota. Abincin yau da kullum ugali ne, ɗan'uwan tuwon masara sai dai ya fi tauri, da ganye, da dafaffen wake da masara, da shayi mai madara. Ka tafi da yajinka, abincinsu ba ya da zafi. Azumi a can kusan awa 13 ne duk shekara, amma bin sawun karkanda a ƙafa da ƙishirwa ba wasa ba ne, ka nemi aikin ofis a watan.

Ni mace ce. Zan iya zuwa, kuma da hijabina?

Za ki iya. Mata suna da yawa a cikin masu sa kai, kuma hijabi ba baƙon abu ba ne a Kenya. Ki tambaya a rubuce ko ɗakin kwanan mata daban yake, wa zai tarbe ki a filin jirgi, da kuma macen da za ki kai wa ƙara idan wani ya takura miki. A daji ki zaɓi hijabi gajere mai launin ƙasa, da wando mai kauri a ƙarƙashin riga, saboda ƙaya tana kama dogon mayafi. Ki bar wa na gida lambar shugaban shirin da adireshin ofishin jakadancin ƙasarki a Nairobi.

Ta yaya zan gane shirin bogi?

Ka nemi sunan makarantar da lambar shugabanta, ka kira. Ka nemi lambar rajistar ƙungiyar a Kenya, da bayanin yadda ake raba kuɗinka, da lambar mutum biyu da suka taɓa zuwa. Shirin kirki shi ma zai yi maka tambayoyi: me ka iya, ina takardunka, wa zai tsaya maka. Wanda ya karɓe ka cikin minti biyar bai tambayi komai ba sai kuɗi, kasuwa yake ci. Sauran alamomin sun zo a amsoshin baya: ba wa mara takarda aji, rungumar dabba, gidan marayu, da cewa ka ɓoye wa jami'an shige da fice gaskiya.

Akwai kuma haɗarin da ya fi shafar mu. Dillalan tafiya sukan fake da sunan aikin sa kai su yi alkawarin cewa daga can za a wuce da kai Turai, ko su ce ka tura kuɗi asusun wani mutum, ko su riƙe fasfo. Wannan hanyar safarar mutane ce, a Najeriya hukumar NAPTIP ake kai wa rahotonta. Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka ba sa karɓar ko sisi don neman gurbi.

Zan iya ɗaukar hotuna in sa a shafina?

Na yara sai da izinin iyaye da makaranta, dokar kare bayanan mutane ta Kenya ta 2019 ma ta tanadi neman izinin iyaye. Ko da izinin, ka bar hoton yaro mai yagaggiyar riga da kai a tsakiya kana murmushi. Na karkanda kuma ka kashe alamar wuri a wayarka, kada ka rubuta inda ka gan ta, don mafarauta ma suna duba intanet. Jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto sai da lasisi.

Ga Yankari a Bauchi, ga raƙuman dawa a Kure, me zai kai ni Kenya?

Tambaya ce mai nauyi. Yankari na da ɗaya daga cikin garken giwaye na ƙarshe a Najeriya, kuma manoman kewaye suna fama da ɓarnar da aka bayyana a sama. Raƙuman dawan Kure a Nijar sun ragu zuwa 49 a 1996, aka farfaɗo da su zuwa sama da 600, duk da cewa harin da aka kai wurin a Agusta 2020 ya kori baƙi. Makarantun ƙauyukanmu kuwa ba sai an faɗa ba. Wanda bai taɓa koyar da yaro ko awa ɗaya a unguwarsu ba, ya fara daga nan, kuɗin jirgin ma ya ishe shi sayen littattafan aji guda.

Dalilin zuwa Kenya da ya tsaya da ƙafarsa shi ne koyo. Sun yi mana nisa wajen sa makiyayi da manomi su ci moriyar daji, da ƙidayar dabbobi, da dabaru masu araha irin na amya da garke. Ɗalibin gandun daji ko malamin kimiyya da ya je ya ga yadda ake yi, zai dawo da abin da za a gwada a Yankari ko Gashaka Gumti.

Me zan sa a jaka, kuma wace tsaraba zan kai wa yaran?

Takalmi mai rufe idon sawu, rigar sanyi mai kauri, hula, tocila, madubin hangen nesa idan kana da hali, da tufafi masu launin ƙasa ko kore. Kada ka ɗauki kaki mai zanen soja. Kada ka sa leda a kayanka, Kenya ta haramta ta tun 2017, kuma tun 2020 ba a shiga gandun daji da robar ruwa ta sha-ka-yar, sai ka nemi gora. Kana sauka ka sayi layin Safaricom ka buɗe M-Pesa, da shi ake biyan kusan komai har kuɗin mota.

Tsaraba kuwa, kada ka cika akwati da alewa da biro kana rabawa a bakin hanya, yana koya wa yara bin baƙo da roƙo. Ka tambayi shugaban makaranta abin da suke bukata, ka saya a kantunan Nanyuki ko Meru inda littattafan suka dace da manhajarsu, ka damƙa a ofis a rubuta a littafin kayan makaranta.